Surukina Mai Kashe Fitila

Ranar zaman makokin Baba, ban taɓa ganin layinmu na Narayi a Kaduna ya haskaka haka ba. An kawo janareta, an ɗaura manyan ƙwayaye a kowace kusurwar rumfa, har wanda ke can baya yana iya karanta littafin waƙa ba sai ya matse ido ba. Ciyaman ɗin 'yan sintirin unguwa, maƙwabcinmu na jikin katanga, shi ya hau tsani da kansa ya ɗaura su. Da ya sauko ya share gumi ya ce mini, "Madam, dole mu karrama Baba."

Na dube shi, na dubi fitilun. Shekara da shekaru Baba yana roƙon mutumin nan ya sunkuyar masa da fitila ɗaya tak.

Matan zumunta sun zo da ankonsu, sun yi waƙa har muryoyinsu suka dishe. Ina raba ruwa ina jin abin da ake faɗa. Wata ta ce, "Allah sarki, Baba mai hoto! Shi ya ɗauki hoton aurena a Makera." Ta kusa da ita ta amsa, "Mutumin kirki, sai dai abin nan nasa na kallon sama." Ta farkon ta taɓe baki ta ce tsufa ne. Wani tsoho da suka yi aiki tare a masaƙa ya juyo ya ce musu, "Wane tsufa? Tun muna samari haka yake." Ba wadda ta kula shi.

Fasto ya yi wa'azi mai kyau. Ya ce Baba bai taɓa makara a sujada ba, ya ce shi ke gyara kujerun majami'a idan sun karye, ya ce bai iya gulma ba. Duk gaskiya ne. Amma bai ambaci taurari ko sau ɗaya ba, kuma na san dalili. Tun da rana babbar 'yar Baba, wadda muke kira Anti, ta iso daga Abuja, ta ja ni ɗaki ta ce, "Matarmu, don Allah kada a kawo zancen nan a gaban jama'a. Kin san bakin mutane, yanzu za su ce duba yake yi."

Na ce, "Anti, to me za a faɗa a kansa?"

Ta ce, "Abin da ake faɗa a kan kowane dattijo."

Haka kuwa aka yi. Aka faɗi abin da ake faɗa a kan kowane dattijo, aka ci shinkafa, aka watse. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan ke nan, don mutumin da aka yi makokinsa a rumfar nan ba shi ne wanda na zauna da shi ba.

Ni matar ɗansa ce na ƙarshe. Maigidana walda yake yi a Fatakwal, sai lokacin biki yake zuwa gida. Mama, matar Baba, ta rasu tun kafin a kawo ni. Saboda haka gidan ni ce da Baba da yara. Ina koyarwa a makarantar firamare a Romi, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba, Malama yake ce mini.

An haife shi a wani ƙauye can kudancin jiha, a gindin duwatsu. Bayan ƙauyen akwai wani kwazazzabo mai zurfi da kogi ya yanka cikin dutse, wanda daga baya gwamnati ta haɗa da dajin da ke kewaye ta mai da shi gandu, ta gina gidan hutu don masu yawon buɗe ido. A bakin kwazazzabon nan ya yi kiwon awaki yana yaro. Ya kan ce idan ka kwanta a ƙasansa ka ɗaga kai, bangon dutse dama da hagu, sai ka ga wani farin zane ya ratsa sama daga wannan baki zuwa wancan. Kogin taurari yake kiransa. Ya ce kogi a ƙasa, kogi a sama, mutum a tsakiya.

Da ya zo Kaduna ya sami aiki a masaƙa a Kakuri, a sashen da ake fitar da zanen atamfa. A can ya koyi wankin hoto a ɗakin duhu. Da masaƙa ta rufe ya buɗe ɗan situdiyo a Makera, yana ɗaukar fasfo da bikin aure da baftisma, har wayoyin hannu suka zo suka kashe kasuwar. Ya rufe shagon, ya dawo gida da kyamara ɗaya mai kyau da ƙarfen ɗora ta mai ƙafa uku, wanda yara suka sa wa suna murhun Baba.

Ba zan yi ƙarya in ce zama da shi yana da sauƙi ba. Idan aka ɗauke wuta da yamma, unguwa gaba ɗaya ta yi tsaki, Baba shi kaɗai yake cewa, "Madalla!" Sai ya fito tsakar gida da kujerarsa da murhunsa. Kafin ya gama kafawa janaretoci sun tashi ta ko'ina, fitilu sun dawo, ya koma yana zagin su. 'Yan gurnani yake ce musu. Ni kuma idan na kunna tocila don in ga abin da ke cikin tukunya, sai in ji muryarsa.

"Malama, kashe."

"Baba, miya nake yi."

"Hanci bai isa ba?"

Miya nawa ta ƙone a gidan nan saboda taurarinsa, su Gamzaki da Kaza da 'ya'yanta, ni na sani. Lokacin jarrabawa a banɗaki nake duba takardun ɗalibai, na toshe ƙasan ƙofa da tsumma don kada haske ya fita. Abin da ya fi yawan faɗa shi ne, "Ku bar ido ya huta, zai gani." Yana nufin sai mutum ya jima a duhu kafin ƙananan taurari su bayyana masa, kuma haske kaɗan yake ɓata wannan jiran duka. Yara sun ɗauki maganar, har idan na ce su yi karatu sai su ce mini ido yana hutawa.

Rigimarsa da Ciyaman ta faro ne lokacin da sace-sace suka yi yawa a unguwa. Kowa ya tsorata, kuma da dalili. Ciyaman ya sayo wata babbar fitilar sola ya kafa a kan katangarsa, fuskarta ta kallo tsakar gidanmu sosai. Daga magariba har wayewar gari gidanmu kamar filin ƙwallo.

Baba ya sa rigar cocinsa ya je ya same shi. Ina jin su ta katanga.

"Ciyaman, ban ce ka cire ba. Sunkuyar da kanta kawai, ta kalli ƙasa. Ɓarawo a ƙasa yake tafiya."

"Baba, abeg, don Allah ka bar maganar nan. Tsaro ne."

"Sama kake tsarewa? Wa ya ce maka za a sace ta?"

"Ni dai ba zan taɓa fitilar nan ba saboda wasan yara."

Baba ya dawo gida. Bayan kwana biyu na fito na ga tsakar gida ta yi duhu. Ashe tsoho ya jingina tsani, ya hau, ya zura wa fitilar tsohon wandonsa baƙi. Ya yi ta yin haka, ya sa da yamma ya cire da asuba, har ranar da tsautsayi ya faɗa: aka haura gidan Ciyaman aka kwance injin jan ruwa. Da safe ga wandon Baba yana lilo a kan fitila, don barci ya ɗauke shi bai cire ba.

Kunyar da na sha ranar ba ta faɗuwa. Aka tara mutanen layi a ƙofar gidanmu. Matar Ciyaman tana ihu tana cewa da hannun gidanmu a ciki. Wani ya ce a kira 'yan sanda. Baba ya tsaya a gabansu ya ce, "Wandon nawa ne, laifin nawa ne. Ku yi haƙuri." Ya sayar da babur ɗinsa ya saya musu wani injin. Na zaci shi ke nan ya daddara. Mutane na watsewa ya juya ya ce wa Ciyaman, "To yanzu da na biya, za ka sunkuyar da ita?" Ciyaman bai sunkuyar ba. Ƙara wata ma ya yi.

Daga nan magana ta kai majami'a. Wasu suka ce ai dattijon da ke zama a duhu yana ƙirga taurari ba banza ba. Dattawan ikilisiya suka kira shi, na raka shi. Ɗaya daga cikinsu ya yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ya ce, "Baba, ana cewa kana karanta abin da zai faru a sama."

Baba ya ce, "Da ina karanta abin da zai faru, da na san masaƙa za ta rufe."

Wasu suka yi dariya, wasu suka haɗe rai. Sai ya ƙara da cewa, "Wanda ya yi su bai ɓoye su ba. Mu muka ɓoye su, sa'an nan muka ce mai neman su yana da aljani." Aka sallame shi da shawarar ya rage. A hanyar gida ya yi ta huci, ko gaisuwar mutane bai amsa ba.

Akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa a dangin ba. Shekarar da na yi ɓari, cikin ya riga ya girma, maigidana bai samu zuwa ba. 'Yan uwa suka zo dubiya, kowa da abin da yake faɗa: wannan ta ce aikin makaranta ne ya yi mini yawa, waccan ta ce in je addu'ar kuɓuta. Na daina cin abinci, na daina fita. Baba bai ce mini sannu sau biyu ba. Wata yamma ya ƙwanƙwasa ƙofata ya ce, "Malama, zo ki riƙe mini abu." Na fito don kunya. Ya zaunar da ni, ya ɗora hannuna a kan ƙarfen kyamara, ya ce kada in motsa, iska na kaɗa shi. Babu wata iska. Na zauna ina riƙe da ƙarfe ina kuka, shi yana gefe yana kallon sama kamar bai ji ba. Washegari ma ya kira ni, jibi ma haka. Ranar da na ce masa, "Baba, waccan tauraruwa mai hasken ta matsa daga inda take," sai ya ce, "To, je ki ɗora tukunya, yunwa nake ji." Daga ranar na koma cin abinci.

Duk hotunan da ya ɗauka a tsakar gidanmu ba wanda ya gamshe shi. Sama takan fito ja-ja kamar ruwan kwata, taurari 'yan tsiraru. Ya kan nuna mini ya ce, "Dubi abin da suka mai da ita." Burinsa ɗaya ne, ya koma kwazazzabon ƙauyensu ya ɗauki kogin taurari yadda ya san shi. Kullum akwai abin da ke hanawa. Ko damina ce gajimare ya rufe, ko wata ya yi haske da yawa, ko an ce hanya ba lafiya, an tare motoci an kwashi mutane.

Sai idonsa ya fara. Da farko ya ɗora laifin a kan gilashin kyamara, ya yi ta goge shi. Daga baya likita ya ce yanar ido ce ta rufe masa duka biyun, sai an yi aiki, amma sukarinsa ya hau, sai ya sauka tukuna. Aka sa rana aka ɗaga, aka sake sawa aka sake ɗagawa. A ƙarshen daminar bara ya ce shi kam ba zai ƙara jira ba, zai tafi.

Maigidana ya bugo waya yana faɗa. "Baba, so kake a ɗauke ka? Wa zai je daji neman ka?"

"Wanda ya ɗauki tsoho mai ciwon sukari shi ya jawo wa kansa," in ji Baba.

Anti ta bugo ta ce in ɓoye kyamarar. Na ce ba zan iya ba. Ta ce to duk abin da ya faru a wuyana. Na san halinsa, idan ban bi shi ba shi kaɗai zai shiga motar haya da idon da ba ya gane ramin kwata. Na kai yara gidan ƙanwata a Romi, na ɗauki hutu a makaranta.

Kafin mu tafi sai da muka nemi izinin kwana a gandun, a ofishin da aka ce shi ke kula da wurin. Mun yi ta zarya. Yau oga ya tafi taro, gobe mai makulli bai zo ba. Wani matashi a teburin gaba ya tambaye mu, "Hoton taurari? Ai akwai su a waya, Baba, kyauta." Na ga jijiyar wuyan Baba ta tashi, na taka masa ƙafa. Da ƙyar aka ba mu wata takarda mai hatimi. Da muka isa ƙofar gandun, mai gadin ya juya ta sama ya juya ta ƙasa, ya miƙo mana, ya ce shi ba a gaya masa komai ba. Gidan hutun da Baba ke ba ni labari kuwa, rufin ya tafi, awaki ne a ciki.

Muka sauka a gidan ƙanwar Baba, Goggo, wadda ba ta taɓa barin ƙauyen ba. Ta rungume shi tana kuka tana zaginsa, ta ce ashe sai don taurari zai tuna da ita. Ita ta je wurin mai gari ta roƙa, ya haɗa mu da mafarauta biyu su raka mu, da sharaɗin idan suka ce a tashi, a tashi.

Daren farko gajimare ya rufe ko'ina. Muka zauna a ƙofar Goggo, Baba yana tambayata, "Ya buɗe?" ina ce masa a'a, har ya gaji ya shiga ɗaki ko tuwo bai ci ba.

Rana ta biyu gari ya waye tas. Da la'asar muka gangara kwazazzabon, mafarauci ɗaya yana riƙe da hannun Baba, ɗayan yana ɗauke da murhu, ni da kyamara a goye kamar jariri. Gangaren ya fi yadda na zata tsayi. Sau da yawa Baba yana zamewa, kowane karo sai in tuna maganar Anti. Muka sami wani fili mai yashi a bakin ruwa, muka kafa, muka jira rana ta faɗi.

Ni haifaffiyar Kaduna ce. Na zaci na san dare. Da duhu ya gama sauka a ramin nan na ɗaga kai, sai da na dafa dutse. Ban san suna da yawa haka ba. Ba wurin da za ka sa yatsa a sama ba ka taɓa tauraro ba, ga kuma farin zanen nan ya ratso daga bakin dutse zuwa bakin dutse, daidai yadda ya faɗa. Duk shekarun nan ina zaton ƙari yake yi.

Na ce, "Baba! Ga shi!"

Ya ɗaga kai ya daɗe. Sa'an nan ya ce, a hankali, "Me kike gani?"

"Kogin, Baba. Ga shi nan a kanka."

"Ni kamar an zuba nono a ruwa nake gani. Manyan kawai, su ma sun kumbura."

Ya share fuska da hularsa, ya ce, "To ke ce idon. Zo nan." Ya sa na leƙa ɗan allon kyamarar, ya ce in riƙa murɗa gilashin har tauraro ya koma kamar bakin allura. Na murɗa, ya ce ya yi? Na ce ina jin ya yi. Ya daka mini tsawa: "Ba a jin ya yi! Ya yi ko bai yi ba?" Na ce ya yi. Ya danna, ya ce kowa ya tsaya cik, don irin wannan hoton sai kyamara ta jima a buɗe tana shan hasken kaɗan-kaɗan.

A daidai lokacin mafaraucin da ke bayanmu ya ji motsi a ciyawa, ya haska tocilarsa.

Baba ya kusa kai masa duka. "Kashe! Kai ma? Har nan?"

"Baba, maciji fa."

"Ya sare ni! Ni zai sara, ba kai ba!"

Muka sake. Muna cikin na uku ko na huɗu sai muka ji ƙarar babura can saman dutse, ta ɓangaren da ba gari. Mafarautan suka dubi juna. Babban ya ce, "A tashi." Baba ya ce ɗaya kawai, ɗaya tak. Mutumin bai ƙara magana ba, ya tumɓuke murhun daga yashi da kyamarar a kai, ya saɓa a kafaɗa. Muka hau gangaren nan a duhu, ina jan Baba yana turjewa, yana cewa shekara nawa yana jira, ni kuma ina addu'a a zuci kada a ji muryarsa. Har yau ban san ko su wane ne a kan baburan ba. Washegari mai gari ya aiko cewa kada mu sake gangarawa.

Da muka dawo Kaduna muka kai aka wanke a wani shago a Makera. Ɗaya hasken tocila ya cinye shi. Ɗaya duk zane-zane ne, lokacin da aka tumɓuke ƙarfen. Ɗaya ne ya fito: bangon dutse baƙi dama da hagu, kogin a tsakiya. Yaran shagon suka taru suna kallo, wani yana tambaya wace ƙasa ce wannan. Ni kam ban taɓa ganin abu mai kyau haka a takarda ba. Baba ya kai shi dab da hancinsa, ya daɗe yana bi da ido, ya ajiye.

"Ba shi ba ne."

"Baba, ya yi kyau fa."

"Ƙafa ɗaya ta nutse a yashi. Sun ja wutsiya. Taurari ba su da wutsiya."

Na ce ko a sa a firam a rataye a falo. Ya ce idan na rataye shi zai bar mini gidan. Raina ya ɓaci ranar, na ce masa na bar 'ya'yana, na sa wuyana a hannun Anti, na hau dutse a duhu, ko sannu babu. Sai ya ce, "Sannu, Malama. Amma ba shi ba ne."

Bayan Ista sukarin ya sauka, aka yi masa aikin ido ɗaya. Ranar da aka cire bandejin ya dubi fuskata ya ce, "Ashe kin yi furfura." Muna isa gida ya ce in kawo hoton. Ya duba da sabon idonsa ya ce, "Ya fi yadda na zata muni." Amma dariya yake yi. Rabon da in ga yana zumuɗi haka na manta. Ya sayo sabon batir. Ya yanko katakai uku masu faɗi da za a sa ƙarƙashin ƙafafun ƙarfen don kada su nutse. Ya aika wa Goggo saƙo ta fara lallashin mai gari. Ruwa ya riga ya sauka a lokacin, saboda haka sai jiran ƙarshen damina. Kowace safiya sai ya fito ya dubi gajimare ya ce, "Ku yi ku gama."

Saura kaɗan su gama ya faɗi. Da safe ne, yana wanke fuska a bakin famfo, na ji ƙarar bokiti. Muka kai shi asibiti, aka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Bai ƙara magana ba. Idon nan da aka gyara yana buɗe, yana bin duk wanda ya shigo, tas da shi. Ranar Laraba da hantsi ya cika, maigidana yana hanya bai iso ba.

A ƙauye aka binne shi, bayan zaman makokin Narayi da kwana biyu. Tun kafin mu tashi aka gaya mana tsarin: za a bi ayari, za a yi sujada a taƙaice, kuma dole kowace mota ta bar garin kafin la'asar saboda hanya. Ruwan ƙarshe ya sauka a makon, ya wanke sama. Tun da nake ban ga shuɗi irin na ranar ba, ko ɗigon gajimare babu, kuma wata ya mutu, dare zai yi duhu sosai. Daga maƙabartar ana hango bakin kwazazzabon.

Aka yi komai a gurguje. Fasto ya yanke waƙa a baiti na biyu. Ana sauke akwatin magina suna tsaye da kwaɓaɓɓen siminti, Anti tana duba agogo. Na ja maigidana gefe na ce, "Mu kwana. Dare ɗaya. Na zo da kyamarar, na zo da katakan. Na san yadda ake murɗawa."

Ya dube ni da jajayen idanu ya ce, "Kina so mu binne mutum biyu a mako ɗaya? Shiga mota."

Ban ga laifinsa ba. Ban ga laifin Ciyaman ba ma, idan na natsu, ko na mafaraucin da ya tumɓuke ƙarfen. Kowa yana da dalilinsa, kuma dalilin mai kyau ne. Abin da ke ci mini rai ke nan: na rasa wanda zan riƙe da laifi.

Goggo ta rako ni har bakin mota tana dogara sanda. Ta ɗaga kai ta dubi sama, ta dubi kabarin da ake shafe wa siminti, ta ce, "Yau za su fito da kyau. Shi kuwa kun rufe shi." Direba ya yi hon, na shiga.

Baba, Ubangiji ya karɓe ka, ya ba ka hutun da ba mu ba ka ba. Ya ta'azantar da 'ya'yanka da jikokinka da Goggo. Ni ma ya ba ni haƙuri, don har yanzu ban huce ba.